Kwafar fayil da scp idan sunansa na ɗauke da 'yan ko tazara

Mutane sun fi zargin ɗ da ƙ da ɓ idan scp, umarnin kwafar fayil tsakanin kwamfutoci, ya ƙi ɗauko fayil daga wata sabar. A gani na ba su ne matsalar ba. Muddin kwamfutocin biyu na kan tsarin haruffa na UTF-8, haruffan nan suna wucewa lafiya. Masu tayar da rigima su ne tazara tsakanin kalmomi, da alamar nan ' da muke sawa a 'yan da 'ya'ya, domin shel, wato manhajar da ke karanta umarnin da ka rubuta, yana ɗaukarta a matsayin buɗe alamar zance, ya zauna jiran a rufe.

Fara da `ssh -V` ka ga wane OpenSSH gare ka, wato manhajar da scp ke zuwa a cikinta. Daga 9.0, wanda ya fito a 2022, scp ya koma amfani da hanyar tura fayil ta SFTP, don haka shel ɗin kwamfutarka kaɗai ke karanta sunan. Alamar zance mai baki biyu ta wadatar:

`scp sabar:"rahoton 'yan kasuwa.pdf" .`

Tsohon scp kuwa, ko sabo da aka sa wa `-O`, yana miƙa sunan ga shel ɗin can, wato na sabar, shi ma ya sake karantawa. Karatu biyu, kariya biyu:

`scp "sabar:rahoton\ \'yan\ kasuwa.pdf" .`

Alamar zancen ta shel ɗinka ce, `\` kuma na shel ɗin can. Kada ka kai wannan salon cikin rsync (wani umarnin kwafar fayil) 3.2.4 ko wanda ya biyo bayansa, shi yana kare sunan da kansa. Tsoffinsa ne ke buƙatar `-s`.

Sunan da ke da ruwa biyu, kamar `taro:litinin.txt`, scp zai zaci "taro" sunan sabar ne. Sa `./` a gabansa. Haka ma wanda ya fara da karan ɗori. Idan Windows za ka kai fayil ɗin, sauya sunan tun daga nan, don ba ya karɓar `:` ko `?` ko `*`.

In fayilolin sun yi yawa, ni ba na ɓata lokaci da su ɗaya-ɗaya. Na kan ɗaure jakar gaba ɗaya da tar, umarnin da ke haɗa fayiloli wuri guda, yadda babu shel ɗin da zai ga sunayen. Ga misali daga sabar ɗaya zuwa wata:

`ssh sabar1 'tar cf - -C /ajiya .' | ssh sabar2 'tar xf - -C /ajiya'`

Sai dai komai ta kwamfutarka zai bi, ka duba datarka kafin ka danna.