Yadda ake haɗa allon hotuna ga ɗalibin da bakinsa bai buɗe ba

Yaron da lalura ta riƙe wa harshe sau da yawa yana gane darasi sarai, hanyar amsawa ce ba shi da ita. Allon hotuna shi ne abu mafi sauƙi da malamin firamare a Daura zai haɗa masa, kuma ba ruwansa da caji ko ɗauke wuta.

A samu kwali mai kauri kamar girman takardar A4, a raba shi gida 8, kada faɗin kowane gida ya gaza santimita 5. A ɗauki hoton kayan da yaron ya sani da waya, butarsa, randar aji, ƙofar bayi, a wanko a manna, a rubuta sunan kowanne da Hausa a ƙasa. Sai a lulluɓe da salatif mai faɗi saboda yawu da ƙurar hunturu. A gwada shi bakin taga, don leda mai sheƙi kan kashe ido.

Inda aka fi yin kuskure shi ne cika allon da sunayen abinci. Yaro ba ciki kaɗai gare shi ba. A ware gida 5 ga "a'a", "ƙara", "na gama", "taimake ni" da "ciwo", domin su ne ke shiga kowace hira. Kuma kada a sauya wa hoto gida, hannu na haddace wuri kamar yadda ƙafa ke haddace hanyar gida.

Malam ne zai fara magana da allon. In za ka ce "mun gama", taɓa gidan "na gama" kana faɗa, kullum, ko da za a yi makonni yaron na kallo kawai. In ka yi tambaya, ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki. Kar ka kama hannunsa ka dangwala masa. Ya nuna ruwa, ba shi nan take, ko yanzu ya sha. Da haka zai gane nunin nasa na da tasiri.

Wanda hannunsa ba ya miƙuwa, a manna hoto 4 a kusurwoyin kwali, ka zauna gabansa ka bi inda idonsa ya tsaya.

A yi allo uku iri ɗaya: na aji, na gida, na Islamiyya. Iyaye kan ji tsoron allon zai sa yaro ya daina ƙoƙarin magana. A kwantar musu da hankali, ba ya hanawa, wasu ma a kansa suke fara furta kalma. Ba a ƙwace wa yaro allon da sunan horo.