Kurakuran da ƙannenmu ke yi wajen zaɓen aikin kwamfuta da intanet

Tun da na fara aikin rezo, wato haɗa kwamfutoci da intanet, da gyaran kwamfuta nan Maradi, da wuya wata ya ƙare wani ƙane bai same ni ba, ko ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko ya dawo daga Yamai da diplom ɗinshi, ya ce yaya ga aiki biyu sun fito mini wanne zan kama. In na ce to mi za ka riƙa yi in ka shiga biro da safe, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Albashin ya sani, sunan wurin ya sani, aikin kanshi ne bai tambaya ba.

Kuma wanga shi ne babban kuskuren, ni ma shi ya ci ni. Nan garin in an ce ana neman mai kwamfuta, komi ma yana iya shiga ciki. Na yi shekara 2 a wani biro an ba ni suna mai daɗin ji da kujera mai juyawa, amma aikina bai wuce cire takardar da ta maƙale a firinta da buga wasiƙu da saka wa maigida WhatsApp a sabuwar waya ba, wani lokaci har gida ake aika ni in gyara wa Hajiya talabijin. Ranar da na je neman wani aikin aka aje mini na'urar rezo aka ce in saita, wallahi zufa ce ta karyo mini, abin da na sani a makaranta duk ya tsere. Maganin abin ba wuya, ka tambaya tun ranar farko: wace manhaja kuke aiki da ita, akwai saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan wurin, wa zai zama gaba da ni wanda ya fi ni sani? In suka ce ai kai kaɗai ne kai za ka riƙe komi, kar kanka ya kumbura, ma'anarshi babu mai duba aikinka ya ce nan ka yi kuskure. Ga wanda ya fito makaranta jiya, gara wurin da za a biya shi jika 100 ƙarƙashin gwani mai faɗa da wurin jika 150 shi kaɗai yana hamma.

Sai maganar albashin kanshi. Da yawa in an faɗa musu lamba ba su tambaya ko kafin a cire kason CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, da harajin albashi ne ko bayan an cire, sai ƙarshen wata su ga abin ya ragu su fara cewa an cuce su. Ka ce a faɗa maka abin da zai shigo hannunka. Sannan ka yi lissafi da garin da aikin yake, don jika 200 a Yamai da jika 200 a Maradi ba ɗaya ba ne, can ga haya ga kuɗin taksi ga abincin saye safe da dare, kuma duk biki ko rasuwa sai ka ci hanya fiye da kilomita 600, alhali nan kana cin tuwon gida kana hawa babur ɗinka. Ban ce kar a je Yamai ba fa, manyan ofisoshin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom da bankuna duk can suke, wanda ke son manyan na'urori dole wata rana ya leƙa. Lissafin dai a yi shi kafin a hau mota.

Masu samun tayi daga Katsina ko Kano su kuma naira ke ruɗa su, lambar tana da sifili da yawa. Sefa ɗaure take da yuro, yuro 1 kusan sefa 656 ba ta motsi, ita kuwa naira kowa ya ga yadda ta faɗi a 2023 da 2024, ƴan canji na kasuwa shaida ne. Wanda ya yi yarjejeniya da naira kuma iyalinshi suna cefane da sefa, albashinshi ya ragu ba tare da kowa ya rage mishi ba. In za ka karɓa ka nemi a rubuta cewa za a riƙa sake duba kuɗin, ko a yanka shi da sefa tun farko.

Rubutu dai, nan ne kunya ke kashe mu. Kamfanin na abokin baba ne, ko kawu ne ya yi maka hanya, sai ka ga kamar rashin kunya ne ka ce Alhaji a ba ni kwantiragi. Haka ake shiga istaj, wato koyon aiki, na wata 3 ya koma shekara ana ba ka na man babur, kuma ranar da aka gaji da kai ba ka da ko takarda ɗaya da za ta nuna ka taɓa aiki wurin. Ba sai ka yi tsaurin ido ba, ka ce Alhaji don Allah a taimaka mini da takarda saboda gaba, a sa ranar farawa da ta gamawa da abin da za a ba ni. Ka san kuma ko kwantiragin CDD ne mai wa'adi ko CDI marar wa'adi, ka tabbatar an yi maka rajista a CNSS da lambarka. Ayyukan ONG, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu, ma haka, suna biya da kyau, ana ba ka tablet ka shiga ƙauyukan Dakoro ko Mayahi kana tattara bayanai da manhajar Kobo, amma aikin na tafiya ne da kuɗin shirin, ranar da shirin ya ƙare kai ma ka ƙare. Ka karɓa, ka yi ajiya, kuma ka matsa kusa da wanda ke tsara fom ɗin da mai tace bayanan ka koyi nashi aikin, don cike fom kowa na iya yi.

Yanzu kuma yayin aiki daga gida ake, kowa na son a biya shi da dala ko yuro yana zaune unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo nan Maradi. Abu ne mai yiwuwa, na ga masu yi. Sai dai Bature ko Balaraben da ya ba ka aiki ba ruwanshi da NIGELEC, kamfanin lantarki, ta ɗauke wuta. Wutarmu daga Najeriya take zuwa, kuma ba wanda ya manta watan Agusta na 2023 da aka yanke ta, ko lokacin zafi da ake wuni ana kawowa ana ɗaukewa. Kafin ka ce eh, ka tanadi ɗan sola da batir da zai riƙe kwamfuta, da layi biyu na kamfani daban-daban, ka sa kuɗin forfe na intanet cikin lissafi. Ka kuma tambaya ta wace hanya kuɗin zai iso ka, don wasu sun gama aiki tsaf sannan suka gano hanyar da mutumin ke biya da ita ba ta sauka hannunsu. Turancin Ingilishi ma kar a raina shi, mu da Faransanci muka tashi amma yawancin bayanan manhajoji da amsoshin matsaloli da Ingilishi suke.

Wanda kuma aka ce mishi ga aikin intanet amma sai ya fara zuba jika 300 ya kawo mutum biyu, wannan ba aiki ba ne, ya riƙe kuɗinshi.

Akwai kuma bin yayi. Bana kowa na maganar AI, bara wani abu ne daban, yaro zai ƙi aikin ja waya da hawa tsani wai shi ya fi ƙarfin wannan. Alhali Maradi garin ƴan kasuwa ne, alhazan da ke da shaguna da sito suna neman wanda zai sa musu kyamara, ya haɗa musu wifi, ya yi musu ɗan tsarin da zai nuna buhu nawa ya shiga buhu nawa ya fita, ga wuraren aika kuɗi irin su NITA da Al Izza da ba su aiki sai da rezo. Wani ƙanena da ya yarda ya bi wani mai saka kyamara shekara guda yana riƙe mishi tsani, yau shi ke ba ni aiki in nashi ya yi yawa, jiya ma ya kira ni wai akwai wani sito hanyar Ɗan Isa da ke son kyamara 8 kafin Juma'a.