Yadda za a rage wa matashi zaman waya ba tare da tsawa ba

Yaron da ake yawan yi wa tsawa, zagi ko duka a gida yakan nemi inda zai fake, kuma waya ce mafi kusa da hannunsa. A cikinta babu mai ɗaga masa murya. Masu bincike sun sha gano alaƙa tsakanin tsananin iyaye da manne wa waya, kuma abin juyawa yake yi: yaro ya daɗe yana danne-danne, uba ya fusata ya ƙwace, yaro ya ƙara jin an takura shi, ya ari ta aboki ko ya jira kowa ya yi barci.

Kafin ku kafa doka, ku fara dubawa. Android tana da Digital Wellbeing, iPhone kuma Screen Time, wato sashen da ke nuna tsawon lokacin da aka yi ana amfani da waya. Ku buɗe tare da yaron, ba a bayan idonsa ba, ku ga awa nawa ke tafiya, a wace manhaja, kuma da wane lokaci. Awa uku da rana yana hira da abokai daban take da awa biyu bayan sha biyun dare, domin ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Doka biyu ta isa. Waya ta kwana a wajen ɗakin barci, a ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya. Sannan babu waya lokacin cin abinci, har da ta iyaye. Ku ba yaron lokutan ajiye waya biyu ya zaɓi ɗaya, don dokar da ya sa baki a ciki ta fi ɗorewa.

Wajen hukunci aka fi yin ɓarna. Ku faɗe shi tun kafin a karya doka, kuma ya zama gajere, kamar yini ɗaya. Ƙwace waya wata guda ko fasa ta a gabansa ɓoye-ɓoye kawai yake koya masa: goge saƙonni, buɗe asusu na biyu. In ranku ya ɓaci, ku bari sai kun huce. Ku ce "jiya ka wuce lokaci", maimakon "kai ba ka da amfani".

Idan ya fara ƙin makaranta, ya daina ci ko barci, ko yana maganar cutar da kansa, ku kai shi ga likita; wayar tana iya zama alamar wata damuwa ce da ke cin sa.