Yadda ake zaɓa tsakanin harsashi mai wankin jan ƙarfe da mai riga

A Amurka, inda doka ta yarda masu gasar harbi su ɗura harsashin ƙaramar bindiga da hannunsu, sababbin shiga sukan ɗauki kan harsashi mai wankin jan ƙarfe da mai riga a matsayin abu ɗaya, saboda a ido launinsu ɗaya ne. Daga nan matsalarsu take farawa.

Da farko a gane yadda aka ƙera kowanne. Mai riga, wanda Eduard Rubin na Suwizalan ya ƙirƙiro a 1882, dalma ce da aka matse cikin kofi mai kauri, galibi kashi 95 jan ƙarfe, kashi 5 tutiya. Mai wanki kuwa dalma ce mai laushi da aka lulluɓe da siririn jan ƙarfe ta hanyar lantarki, kamar yadda ake wankin gwal. Ya fi araha, kuma gindinsa a rufe yake, don haka ya fi dacewa da ɗakin harbi na cikin gini inda ake gudun shaƙar dalma.

Sai a duba gudu. Kamfanin Berry's, mai ƙera kan harsashi mai wanki, ya ƙayyade wa na yau da kullum ƙafa 1,250 a daƙiƙa, mai kaurin wanki kuma 1,500. Duk wanda zai ɗura .357 Magnum, wani harsashin libarba mai ƙarfi, da cikakken ƙarfinsa, to ya sayi mai riga kawai, kada arahar ta ruɗe shi.

Matakin da ya fi kayar da mutane shi ne matse bakin kwanso, wato kwandon ƙarfen da albarushi ke ciki. Wajibi ne a ɗan buɗe bakin kafin a zaunar da kan harsashin, domin kaifinsa yana kankare wankin. Bayan an zaunar da shi, a mayar da bakin yadda yake kawai, kada a ƙara. Mai riga yana jure matsi. Mai wanki kuwa, da zarar bakin ya nutse cikinsa, fatar ta yanke, a cikin bututun bindiga sai ta ɓare, harsashin ya isa allo a karkace. Ni a ganina babu wanda ya kamata ya ɗura akwati guda bai fara zare kai ɗaya ya duba ba: idan akwai zoben da farce ke kamawa, matsin ya yi yawa. A libarba abin ya fi wuya, tunda yawancin masu wanki ba su da tsagin da baki ke shiga.

Ma'aunin albarushi a ɗauke shi daga littafin masana'anta, a fara daga ƙasa. Sannan a harba kowane iri a takarda daga nisa ɗaya, a duba ko ramukan a zagaye suke, ko kuma akwai ɓarɓashin jan ƙarfe a gefensu.