Yadda ake zaɓar injin yankan itace mai inganci ba tare da an biya kuɗin suna ba

Duk wanda ya je sayen injin yankan itace a Zariya, sunaye biyu zai fara ji daga bakin masu sana'ar: Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin. Injuna ne masu kyau, amma shahararsu ta tsauwala musu farashi, kuma su ne aka fi yi wa jabu. Akwai wasu injuna da ake kawar wa kai saboda baƙon suna, alhali ingancinsu bai gaza ba, kuma ana iya sayensu cikin kwanciyar hankali idan aka bi matakan da suka dace.

Da farko a tantance aikin da za a yi. Mutane da yawa sun ɗauka injin da bai kai Stihl 070 girma ba abin wasa ne, amma wannan inji mai kusan sisi 106 (cc, ma'aunin girman silindar inji), wanda nauyinsa ya haura kilo 10, na masu tsaga gungume su fitar da katako ne. Wanda aikinsa sassabe darbejiya da ta rufe kwanon gida a Samaru, ko sare tsohon mangwaro a gona wajen Shika, ko daddatsa bishiyar turare don itacen girki, inji mai sisi 50 zuwa 65 da ƙarfen sarƙa mai inci 18 ko 20 ya wadace shi, kuma fetur ɗin da zai sha bai kai na babban ba.

Bayan haka sai a san sunayen da ya kamata a nema. Echo na Japan ne, kuma samfurinsa CS-590, mai sisi 59.8, ya yi suna a Amurka wajen juriya da sauƙin kuɗi. Dolmar kuwa kamfanin Jamus ne da ya fara ƙera inji mai amfani da fetur tun 1927, kafin Makita ta saye shi a 1991, saboda haka injunan Makita irin su DCS6401 a haƙiƙa Dolmar ne da aka sauya wa fenti. Sai dai Makita ta daina ƙera injuna masu fetur a 2022, don haka samun kayan gyaransu zai riƙa wuya a hankali. Akwai kuma Oleo-Mac da Efco, dukansu na kamfanin Emak na Italiya. A ganina wanda aka fi zalunta shi ne Jonsered, jan inji ɗan gida ɗaya da Husqvarna: samfurinsa 2165 da Husqvarna 365 kusan abu ɗaya ne a ciki, har kayan ɗaya na shiga ɗaya, amma a wurin 'yan gwanjo sau da yawa ana raina shi don ba a san asalinsa ba. Su ma 'yan Chana masu lamba 5200 da 5800, waɗanda aka kwaikwaya daga ƙirar Zenoah ta Japan, ba na yarwa ba ne ga mai ɗan aikin gida lokaci-lokaci, ko da yake ba za su jure wa yinin mai sana'a ba.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi yanke hukunci. Kafin a biya ko kwabo, a rubuta lambar injin a kai wa makaniken da zai riƙa gyara shi, sannan a zaga wurin masu kayan inji a Sabon Gari a tambayi fistan da zobensa, da kuloci, da igiyar tayarwa, da matatar iska. Wasu kayan ba su da matsala, domin kafireto na yawancin injunan nan daga Walbro ko Zama yake fitowa, fulogin NGK BPMR7A yana shiga da dama daga cikinsu, sarƙa kuma ma'auninta ake bi ba sunan kamfani ba. Fistan da silinda ne ba sa karɓar aro. Idan sai an yi odarsu daga Legas ko Anacha, a lissafa kwanakin da injin zai yi a ajiye kafin a ce ya yi arha.

Idan na hannu ne, a duba shi da ido da kunne kafin ciniki. A roƙi mai shi ya kwance salansa, wadda 'yan kusoshi ne kawai ke riƙe da ita, a haska tocila ta ramin hayaƙi, a ja igiya a hankali a kalli jikin fistan. Fistan mai lafiya sumul yake. Idan akwai zane-zane a tsaye kamar an karce shi da ƙusa, mai yiwuwa an taɓa tayar da injin da fetur marar isasshen mai, kuma gyara mai tsada na nan tafe. Sannan a ɗaga injin ta hannun igiya: idan ya sulale ƙasa nan take, ƙarfinsa ya tafi, idan kuma yana sauka yana tsayawa, da sauran ƙwarinsa. A tayar da shi a bar shi ba a taɓa totur ba, a tabbata sarƙa ba ta motsi. A nufi kwali da bakin ƙarfen a ba shi wuta, ya kamata a ga siririn layin mai ya fantsama, alamar famfon man sarƙa na aiki. A ƙarshe a gwada birkin sarƙa, kuma wanda aka cire wa birki kada a karɓe shi ko kyauta ne, domin shi ke tsayar da sarƙa idan injin ya yi tsalle ya nufo fuskar mai yanka.

Abin da ya rage shi ne riƙo, kuma a nan ne yawancin injunan nan suka samo mummunan sunansu. A haɗa fetur da man da aka yi don injin da ake gauraya wa mai, kashi 50 da 1, wato mililita 20 a kowace lita, sai dai idan takardar injin ta ce 25 da 1, kamar yadda ake gani a wasu 'yan Chana, a nan sai a zuba mililita 40. Kada a zuba wa sarƙa tsohon baƙin mai da aka juye daga mota, domin dattinsa na cinye famfo da ƙarfe. A lokacin hunturu a kaɗe matatar iska kullum bayan aiki. Itace mai tauri irin ƙirya da marke yana dakusar da haƙori da wuri, don haka a riƙe magagari mai kaurin da ya dace da sarƙar, milimita 4.8 ga sarƙa mai lambar ma'auni .325, a wasa ta da zarar ta fara fitar da gari a maimakon ɓarzaƙi. Idan bishiya za a kayar gaba ɗaya, a fara neman izini wurin ma'aikatan gandun daji.