Darasi na Bakwai: Aikin Gwaji

Wani ɗalibinmu na ajin yamma a Birnin Kebbi ya zo da takarda a ninke cikin aljihun gaban rigarsa, har gumi ya ɗan jiƙa gefenta. Ya sami aikin ɗinke buhu a wani kamfanin casar shinkafa. Ya ce, "Malam, sun ce wai ina gwaji. Wata bakwai ke nan, kuma kullum na yi magana sai manaja ya ce in ƙara haƙuri." Muka buɗe takardar muka karanta tare, kalma bayan kalma. An rubuta gwaji na wata uku. Wata huɗu ya yi da wuce wa'adinsa bai sani ba, domin ranar da ya dangwala yatsa bai iya karatu ba.

Mene ne gwaji? Lokaci ne da mai ɗaukar aiki yake warewa a farko domin ya ga kamun ludayin sabon ma'aikaci: ko yana zuwa da wuri, ko hannunsa ya iya aikin, ko za a ba shi amanar kaya a yi barci. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka ba laifi ba ne a gwada ka. Kai ma a lokacin kake gwada wurin, ka ga ko ana biya a kan kari, ko ana ganin mutuncin ƙananan ma'aikata.

Gwaji daban, koyon sana'a daban. Yaron da uba ya kai wurin tela ko bakanike a Jega koyo ya je yi, kuma zai zauna har ranar da maigidansa zai yaye shi. Mai gwaji kuwa ma'aikaci ne tun ranar farko, kuma albashi haƙƙinsa ne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Duk wanda ya ce maka, "Yi wata biyu tukuna mu gani, sannan mu fara biyan ka," guminka yake so ya ci. Wasu wurare sukan ba mai gwaji kuɗi ƙasa da na wanda aka tabbatar. In haka ne, a faɗa maka adadin tun farko kuma a rubuta.

Dokar ba ta yanka wa kamfanoni tsawon gwaji ba, yarjejeniyarku ce take yankawa. Yawanci wata uku ne ko shida. A aikin gwamnatin tarayya shekara biyu ce kafin a ba ma'aikaci takardar tabbatarwa. Shi ya sa takarda take da nauyi haka. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da farawa: sunan mai aikin, irin aikin, nawa ne albashi, awa nawa za a yi, da yadda za a rabu in rabuwa ta zo.

Na san abin da yake hana yawancinmu tambaya. Kunya ce, da tsoron kada a ce yaro ya fiye ido. Sau da yawa ma wani babba ne ya yi maka hanyar aikin, kana gudun ka ba shi kunya. Amma ana iya tambaya cikin ladabi. Ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so a rubuta mini ranar da gwajin zai ƙare, domin in san inda na dosa." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan magana. In kuwa ka ga fuska ta canja, to ka riga ka koyi wani abu game da wurin.

Idan wa'adi ya cika, ko dai a tabbatar da kai, ko a ƙara maka lokaci in yarjejeniya ta yarda da haka, ko a sallame ka. Sallamar ma tana da ƙa'ida. Sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata uku ba ana ba shi notis na kwana 1. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako 1, kuma a rubuce. Wannan shi ne mafi ƙaranci; in takardarku ta ce fiye da haka, ita za a bi. Ana iya biyan kuɗi a madadin notis ɗin. Kuɗin kwanakin da ka riga ka yi kuwa naka ne ko ta yaya aka rabu. Kai ma in za ka tafi, ba a ɓacewa haka kawai, sai ka ba da naka notis.

Idan kuma an yi shiru, kamar yadda aka yi wa ɗalibin nan? Akwai shari'o'in da kotu ta ɗauki ma'aikaci a matsayin wanda aka tabbatar, saboda an bar shi yana aiki ana biyan sa bayan wa'adi ya wuce. Amma kada ka zauna jiran kotu. Rubuta wasiƙa gajera ka miƙa, ka riƙe kwafi ɗaya a gida. In abin ya faskara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai ƙungiyar ma'aikata in wurinku yana da ita, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ɗalibin namu da hannunsa ya rubuta tasa wasiƙar. Layi huɗu ce, ta ci masa kusan awa ɗaya, ya goge "Disamba" sau biyu kafin ta zauna daidai.

Aikin yi: Ɗauki littafinka. Rubuta ranar yau a sama. A ƙasa rubuta, "Na fara aiki ranar ____. Gwajina ya ƙare ranar ____. Ina roƙon a ba ni takardar tabbatarwa." Cike guraben da kwanan watan da ka zaɓa, ka sa hannu, sannan ka miƙa wa na kusa da kai ya karanta da ƙarfi.