Babi na 6: Sassan Naman Sa da Yadda Ake Yanka Su

Darasi na 1: Gadon baya

Iyayena da yayyena, kafin ku tsaya gaban teburin mahauci, ku riƙe abu ɗaya. Inda sa yake motsawa kullum, namansa tauri gare shi. Inda ba ya aiki sosai, namansa taushi gare shi.

Gadon baya ba ya wahala kamar ƙafa. A ƙarƙashin ƙashin baya, kusa da ƙoda, akwai dogayen tsoka guda 2, ɗaya dama ɗaya hagu. Duk jikin sa babu mai taushinsu, shi ya sa suka fi tsada. Irin wannan nama ne Turawa ke yankawa da faɗi su gasa, suna ce masa sitek. Kaurinsa ya kai faɗin babban yatsa, wato santimita 2. Minti 3 zuwa 4 a kowane gefe ya isa, in wutar ta yi zafi sosai. In kun sauke, ku bar shi minti 5 kafin wuƙa ta taɓa shi, don kada ruwansa ya tsiyaye.

Darasi na 2: Yankan

Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Ɗora tsokar a kan katako. Duba ta da kyau. Za ka ga layuka sirara kamar zare, duk sun nufi gefe ɗaya. Sa yatsa ka bi layin. Ka gan shi? To, wuƙa ba ta bin wannan layi. Gicciye shi take yi, kamar mai tsallaka titi.

In zaren ya tashi daga hagu zuwa dama, wuƙarka ta taso daga can gabanka zuwa wajenka. In ka bi zaren, ya zauna da tsawonsa, haƙori ya sha wahala. In ka gicciye shi, ka gutsuttsura shi, naman ya taunu da sauƙi.

Wanda bai gane ba kada ya ji kunya. Ajiye wuƙar. Sake nemo zaren. Bi shi da yatsa. Yanzu gicciye.

Amma a makon jiya na ga mutum 4 sun sake bin zaren, bayan na nuna sau 3. Haba jama'a! Ku sayi nama da tsada, ku lalata shi da hannunku, sannan ku ce mahauci ya cuce ku? Duba tukuna, sannan ka yanka. A gicciye.

Darasi na 3: Tozo da cinya

Tozo, irin na shanunmu Bunaji da Gudali, kitse ya ratsa tsokarsa, ba ya bushewa a kan wuta. Ya dace da balangu. Cinya tsoka ce zalla, kitse kaɗan, ita ake shimfiɗawa a yi kilishi. In soyawa za ku yi, a gicciye.

Darasi na 4: Wuya, ƙirji da ƙwauri

Jijiya ta yi musu yawa, ba na gashin gaggawa ba ne. A sa a tukunya awa 2 zuwa 3, a yi farfesu ko miya.